Lalle a Farcen Dela

Kimba mai igiya bai taɓa riƙe hannun matarsa da rana tsaka ba sai da ma'aikacin likita ya ba shi umarni. Wanda ya san dattawan Dakoro ba zai yi mamaki ba. Mutum zai zauna da mace har haƙoransu su zube tare, ya iya gane tarinta ko a cikin taron biki, amma ka ce ya kama yatsunta ya duba, sai ya yi maka wani irin kallo kamar ka ce ya tashi ya taka rawa a kasuwa. Kimba kuwa ya fi sauran. Ko magana sai ya auna ta kafin ya fitar, kuma yawanci idan ya gama aunawa sai ya ga ba ta cancanci fitowa ba.

Sana'arsa tufkar igiya ce, irin doguwar nan mai kauri da makiyaya ke saya saboda rijiyoyin arewa masu zurfi. Tun yana saurayi yake murza kaba a tsakanin tafukansa, har fatar hannunsa ta koma kamar ta tsohon takalmi. Yakan ɗauki garwashi da yatsu ya kai wa mai shayi, bai ji komai ba.

Matarsa Dela ciwon daji ne ya kama ta a ciki. An kai ta Maradi, aka duba, aka sake dubawa, sannan babban likita ya kira Kimba gefe ya ce su koma gida. Abin da ya rage shi ne a rage mata zafi, a sa mata ido. Kimba bai tambayi komai ba, don ya gane.

Sun haifi 'ya'ya da dama, ƙasa ta karɓe su tun suna ƙanana, sai ta farin kaɗai ta tsaya, wato Lailatu, wadda take koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, can Arlit inda aure ya kai ta. Da yake 'yar fari ce, Dela ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. "Yarinyar can" take cewa, tana kawar da kai, ko da yake duk unguwa an san idan wayar Arlit ta shigo, ranar har miyar Dela sai ta fi daɗi.

Da damina Dela ta yi wata doguwar suma. Kimba ya firgita, ya buga waya. Lailatu ta roƙi izini wajen darektan lakwal, ta goyo jaririnta, ta biyo wannan muguwar hanya mai karya ƙugu, ta iso idanunta sun kumbura don kuka. Ta tarar da uwar a zaune bakin ƙofa tana tsince wake. Dela ba ta ce wa 'yar komai ba, amma Kimba ya sha faɗan da bai taɓa sha ba tun aurensu, wai ya taso yarinya da ɗanyen goyo a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da ya raka Lailatu tasha, sai ta tsaya a bakin mota ta gaya masa cewa darekta ya ce zuwa ɗaya ya rage mata a bana, ba ƙari.

"Baba, kada ka kira ni da wuri, kuma don Allah kada ka makara," in ji ta. "So nike in iske ta da ranta, in ba ta ruwa da hannuna. Ko sau guda ta dube ni."

Ya ce to. Tun daga ranar wannan "to" ɗin ya hana shi sakat. Ina mai tufkar igiya zai san ranar da ba wuri ba, ba kuma makara ba?

Akwai wani manjo, wato ma'aikacin jinya, mai suna Agali, dogo mai sanyin murya, wanda yake zagayawa a kan babur yana duba irin waɗannan marasa lafiya da asibiti ya sallama. Yakan kawo wa Dela maganin ruwa mai kashe zafi. Yakan naɗa mata wani ƙyalle a damtse ya hura masa iska ya auna tansiyo, wato ƙarfin jini, ya maƙala mata wani ɗan abu a yatsa mai nuna lambobi. Sannan ya buɗe yatsunsa goma ya ce ta nuna masa nawa ne zafin, idan goma ce mafi tsanani. Dela takan dubi yatsun ta ce da sauƙi. Ranar da take murƙususu da sauƙi, ranar da ta kasa haɗiyar kunu ma da sauƙi. Agali ya gaji, ya daina tambayar bakinta, ya koma karanta goshinta da yadda take damƙe bakin zane.

Kimba ya tare Agali a zaure wata rana, ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya fito da maganar Lailatu. Agali bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Ya ce ranar sai Allah, amma jiki yana ba da alama. Jini yana bin hanyoyi ne, manya da ƙanana, har da waɗanda suka fi gashi siranta. Idan zuciya ta gaji, sai jiki ya riƙa tsuke ƙananan hanyoyin nan na nesa, ya tattara jinin wajen zuciya da kai, don haka yatsu da ƙafafu su ne suke fara rasawa. Kimba ya gyaɗa kai. Wannan ya san shi. Da rani tabkunan daji ne suke fara ƙafewa, dabbobi su dawo babbar rijiya.

Suka shiga ɗaki. Agali ya ɗora yatsun Kimba a wuyan hannun Dela ya ce ya ji bugun jini. Kimba ya saurara, ya ƙara dannawa, ya rufe ido. Ko alama. Igiya ta cinye masa wannan jin tun tuni. Agali ya yi murmushi ya ce ba laifi, wanda yatsa bai ji ba ido zai gani. Ya kama babban yatsan Dela ya danna farcen har ya yi fari, ya saki, sai ga ja ya dawo.

"Baba, ka gani? Ka danna akaifa hakanga, ka saki, ka yi bisimilla cikakkiya. In jinin ya komo kahin ka ƙare, da sauran lokaci. Randa ka ƙare ka sake wata bai komo ba, kuma ka ji hannun ya yi sanyi, kada ka jira ni. Ka kira ɗiyarka."

Ya ce a yi haka da hantsi, a kuma yi da la'asar, a wajen haske.

Ranar farko abin dariya ne, da akwai mai gani. Kimba ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya kamar baƙo, ya ce manjo ne ya ce. Dela ta ce ai ta ji, ba kurma ba ce. Ta miƙo hannu ta juya fuska wajen bango. Ya kama yatsan da ƙyar, ya danna, ya saki, ya yi bisimilla. Jinin ya dawo. Ya ajiye hannun da sauri, ya fita ba ko waiwaye.

Amma abin da ake yi safe da yamma ba ya daɗewa yana baƙo. A hankali Kimba ya fara ganin hannun da yake riƙewa. Ya rame, ya yi sauƙi kamar ba na mutum ba. Tafin duk kanta ce ta taɓarya, yatsun sun yi faso, faratan sun koɗe. A gindin ɗan yatsa akwai wani tsohon tabo na yankan wuƙa wanda bai san da shi ba, bai san ranar da aka yi shi ba, alhali a gidansa aka yi. Wannan hannu ne ya yi ta dama masa fura tun gemunsa yana baƙi. Sai ya zama ya gama bisimilla, jini ya dawo, amma bai saki ba. Ita ma ba ta janye ba. Fuskarta tana bango, tasa tana kan yatsu, kurciya tana kuka a kan bishiyar bedin tsakar gida.

Ban da wannan, gidan ba kowa. Da farko masu dubiya sun yi ta zuwa, amma ciwo idan ya daɗe mutane sukan koma harkokinsu, kuma ba a ga laifinsu ba. Abokan Kimba na gindin bishiya yawancinsu suna maƙabarta, sauran kunnuwansu sun tafi. Maƙwabciyarsu Rahma ce kaɗai ke shigowa ta yi wa Dela wanka, ta sauya mata zane, ta dama kunu. Shi kuwa sai ya zauna a zaure yana tufka igiyar da ba wanda ya ce a tufka, wayarsa a aljihun gaba, yana jiran rana ta karkata ya samu dalilin shiga ɗaki. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai gaya wa, don wadda ya kamata ya gaya wa ita ce a kwance.

Bayan girbi jinin ya fara nawa. Da can tun yana tsakiyar bisimilla yake dawowa, yanzu sai ya kai ƙarshe. Ya gaya wa Agali. Agali ya auna tansiyo, ya ce ta ɗan sauka, a ƙara sa ido. Ya kuma ce an tura shi aikin rigakafi wajen rugagen Tagriss, sai ranar kasuwa zai dawo.

Washegari da la'asar Kimba ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, sai Rahma ta fito ta tare shi tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce yau dai a yi haƙuri, mata suna aikinsu. Ya leƙa ya hango hannuwan Dela da ƙafafunta duk a ɗaure cikin leda da tsummoki. Warin lalle ya cika ɗakin. Bai kawo komai a ransa ba, ya ce a ransa rigimar mata ba ta ƙarewa ko a bakin kabari, ya koma zaure.

Da hantsi ya shiga. Dela tana jingine da matashi, an ɗaura mata sabon kallabi. Ta miƙo hannu, kuma yau ba ta juya wajen bango ba, shi take kallo. Lallen ya kama da kyau, irin wanda aka sa wa gishiri ya kwana: tafin baƙi ƙirin, faratan ja mai duhu har ya kusa baƙi. Kimba ya danna farce. Bai yi fari ba. Ya saki, ba abin da ya tafi balle ya dawo. Ya gwada wani yatsan, ya gwada ɗaya hannun, ya yaye zane ya dubi na ƙafa. Duk ɗaya. Tsoro ya kama shi, kuma ya fito masa a matsayin fushi, kamar yadda tsoro ya saba yi wa maza. Ya sa nasa farcen yana kankare nata.

"Mi ya kai ki?" in ji shi. "Abu guda anka ce in riƙa dubawa, shi kinka rufe. Yanzu da mi za ni gani?"

Dela ta dube shi kaɗan, sannan ta mayar da fuskarta wajen bango.

Ya fita ya kira Agali, waya ta ce ba a samunsa, don can daji ba rezo, waya ba ta kamawa. Ya dawo ya ɗora yatsu a wuyan hannunta yadda aka taɓa nuna masa, ya danna har ta ɗan motsa, bai ji komai ba, kuma bai san ko yatsunsa ne ko jinin ba. Hannun dai da sanyi. Ya tuna manjo ya yi maganar sanyi. Amma wa bai san lalle yana sanyaya jiki ba? Ai don haka ma mata suke sa shi da bazara. Ya tambayi Rahma, ta ce ƙwarai, ita ma idan ta ƙunsa sai ta wuni tafinta kamar randa. Ga shi kuma ranar Dela ta sha fura har rabin ludayi, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta kuma tambayi ko an ba akuya ruwa. Da ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi.

Ya fito da waya ya nemo sunan Lailatu, ya zuba masa ido. Ya tuna ta a tasha da goyo, ya tuna waken da aka tarar ana tsincewa. Idan ya kira ta zo ta tarar da uwarta da sabon lalle da sabon kallabi tana shan fura, shi ke nan zuwan ya ƙare, kuma da hannunsa ya ƙarar da shi. Ya mayar da wayar aljihu ya ce bari manjo ya dawo, ai kasuwa ta kusa.

Bai daina shiga ba. Hantsi da la'asar yana kama yatsan, ya danna, ya yi bisimilla a kan farcen da ba ya gaya masa komai. Dela ta daina shan furar. Barci ya yi mata yawa. Hannun bai sake ɗumi ba, shi kuma yana ta ce wa kansa lalle ne.

Ranar kasuwa Agali ya iso da ƙurar hanya a rawaninsa. Ya maƙala ɗan abin nan a yatsa, lambobi suka yi ta rawa suka ƙi tsayawa. Ya dubi lallen. Ya naɗa ƙyalle ya hura, ya saurara, ya sake hurawa. Bakwai bisa huɗu, tansiyo ta faɗi ƙwarai. Ya janyo leɓenta na ƙasa ya duba ciki, ya taɓa gwiwoyinta, ya ga sun yi sanyi sun yi dabbare-dabbare. Kimba yana tsaye yana kallo, sai yanzu ya ga ashe akwai wasu wuraren dubawa. Agali ya ce laifinsa ne da bai nuna masa su ba, bai taɓa kawo lalle a ransa ba.

"Baba, kira ta yanzu."

Ya kira. Lailatu ba ta yi tambaya ba, ta ce ga ta nan. Amma Arlit ba bayan gari ba ce. Sai an jira mota ta cika, sai an bi ta Agadas, sai an kwana a hanya. Kimba ya duƙa kusa da kunnen Dela ya ce yarinyar can tana tafe. Leɓunanta suka motsa, bai ji abin da ta ce ba.

Da hantsin washegari, a daidai lokacin da ya saba, ya shiga ya kama hannun. Yana riƙe da shi numfashin ya yi ta nisa da juna, har wani ya fita, na bayansa bai zo ba. Ya jira. Ya yi mata kalmar shahada, ya rufe mata ido, ya kira Rahma. Kafin azahar an kai ta.

Lailatu ta iso washegari bayan azahar, yaro a bayanta, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota. Tabarmin zaman makoki da ta gani a ƙofar gida sun gaya mata komai. Ba ta yi kururuwa ba. Ta wuce ɗakin uwarta, ta tarar an naɗe katifa, ga kofin ruwa a ƙasa da cokali a ciki. Ta daɗe a ciki. Da masu gaisuwa suka ragu, ta fito ta durƙusa a gaban ubanta a tsakar gida.

"Baba, na ce maka kada ka makara."

Kimba, wanda bai saba da dogon bayani ba, ranar ya yi. Ya gaya mata hanyoyin jini, da farce, da bisimilla, da yadda bai taɓa tsallake hantsi ko la'asar ba. Ya ce da ya gani da ya kira. Lalle ne ya rufe masa ido, kuma har yanzu ya rasa abin da zai sa mace tana kan gargara ta ce sai ta yi ƙunshi, ya kuma rasa hankalin wadda ta biye mata. Ya faɗi haka da ƙarfi don Rahma ta ji, tana bakin murhu tana kwashe tuwon baƙi.

Rahma ta ajiye mara. Ta goge hannu a zane, ta matso, ta tsuguna nesa kaɗan, idonta a ƙasa. Ta ce ita ba ta san farcen ne ake dubawa ba, Dela ba ta taɓa gaya mata ba, da ta sani da ba ta sa ba. Ta ce ta ma so ta hana, don jikin ba ƙarfi.

"Sai ta ce mani, Rahma, mutumen nan tun da anka kawo ni gidanga bai taɓa duban hannuna ba. Yanzu sahe da marece shina riƙewa, shina dubawa, ga su duk faso, kamar na kuturu. Ki sa mani lalle, shi gan su da kyau ko sau guda."

Lailatu ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Kimba kuwa sabon kallabin nan ya tuna, da idanun da suka bar bango suka dawo kansa ranar, suna jira. Ya ji muryarsa tana cewa mi ya kai ki. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai ji ba ko a bakin kabari.

Aka kira la'asar. Ƙafafunsa suka tashe shi da kansu, suka kai shi bakin ƙofar ɗakin, har ya yi gyaran murya kafin ya tuna. Ya tsaya a nan cikin haske, hannuwansa ba abin riƙewa. Can sai ya kama babban yatsansa na hagu, ya danna farcen har ya yi fari, ya saki. Jinin ya dawo tun bai kai rabin bisimilla ba.